Sunanka Ya Sake Cinye Mini Layi

Zuwa ga Dauda,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya a ƙasar sanyin da masaƙa ta tura ka karatu. Mama na gaishe ka, mutanen Narayi ma haka.

Tef ɗin da ka aiko ya iso. Na juya kwalin, na zazzage shi, ko gutsuren takarda babu. Sai manajanmu ne ya faɗa mini wai sabuwar manhajar rubutu ce, kyauta, kowa ya kwafa ya gyara yadda yake so. Ya ce tunda ni ce ke kan kwamfutar ofis, in zaɓa: ita ko tsohuwar manhajarmu, vi.

Ka tuna ranar da aka ɗauke tafiretata aka ajiye ni gaban allon nan a masaƙarmu ta Kakuri? Kai ka jawo kujera ka zauna kusa da ni. Ka ce vi hali biyu gare ta, kamar surukar kirki: akwai lokacin da take karɓar rubutu, akwai lokacin da kowane harafi umarni ne. Kuma ba za ta gaya maka halin da take ciki ba.

Na ce bari in gwada da sunanka. Ashe tana halin umarni. Babban D ya share layin, harafin a ya buɗe rubutu, aka bar ni da "uda". Ka yi dariya har masinja ya leƙo. Wata guda ina kiran ka Uda, kana amsawa.

Ranar ka ce, "Ladi, in kin rikice, danna maɓallin Esc. In ta yi ƙara, tana halin umarni, kin san inda kike."

To na gwada sabuwar. Tana da kirki, abin da ka buga shi za ka gani, babu ɓoye-ɓoye. Yaran ofis sun so ta, ni ma na ce a bar musu. Amma yatsuna sun ƙi. Ina cikin rubutu sai in ga ɗan yatsana ya tafi neman Esc shi kaɗai.

Ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. An ba ni aiki a Jos, suna jiran amsa ƙarshen watan nan. Na rubuta takardar amincewa na goge, na sake rubutawa. In na hau bas daga Kakuri sai in zarce unguwarmu Narayi, sai kwandasta ya taɓa ni a Unguwar Boro. Mama ta ce jiran da babu alkawari, zaman kashe wando ne. Na ji haushinta, don gaskiya ta faɗa.

Ba ka taɓa ce mini in jira ba, ba ka kuma ce in tafi ba. Shekaranjiya na zauna in rubuta maka wannan wasiƙar, sunanka ya sake cinye mini layi. Ban yi dariya ba, Dauda. Kewarka nake yi, kuma na gaji da zato.

Tef ba amsa ba ne. Ga shi na danna Esc, ina sauraro. In akwai ƙara, ka yi ta kafin wata ya ƙare.

Ubangiji ya kiyaye ka, ya ba ka bakin magana, ni kuma ya ba ni ƙarfin jin ko mene ne.

Taka, in ka ce haka,
Ladi