Babur Mai Ƙafa Huɗu Ya Riƙe Ni a Sakkwato

Gidan Dahala, Sakkwato
Disamba, 1988

Maman Naomi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar Baba? Ina fata Naomi ta daina tarin nan. Ni lafiya ƙalau nake.

Maigidana Alhaji Tambari ya sayi tsohon babur mai ƙafa huɗu a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Direban Alhaji ya rantse abin kifewa yake yi a kwana, kuma injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ba ya ƙarko. Ni makaniken gida na saurari ƙararsa, na ce a saya.

To, ga ni. In yana tashi, ba mai taɓa shi sai ni. In ya mutu, Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai kac ce a saye shi." Shekaranjiya babur ɗin ya kayar da ni a yashin Kwalkwalawa, tun nan bai sake tashi ba. Ƙujewa ce kawai, kada ki gaya wa Baba.

Na roƙi izinin zuwa Kirsimeti, Alhaji ya ce sai kayan gyara sun iso daga Legas. Ko aikawa ba a yi ba.

Zakaran da kike ajiye mini, ku yanka ku ci. Allah ya tsare mini ku.

Mijinki,
Barnabas