Idon Baban Hadil

Makka, Unguwar Mansur

Zuwa ga Yaya Mujahida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Kano. Yaya ciwon ƙafar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin san maigidana, Baban Hadil, ya daɗe da yanar ido, tun kafin a rushe unguwarmu ta Nakkasa mu dawo Mansur. Ni na riƙo hannunsa ranar da muka taso. Ya ji labarin rusau da kunnensa, amma har gobe in yana hira sai ya ce gangaren gidan Zali, ko shagonsa na ɗinki, kamar suna nan.

Autarmu Hadil ta samo duktur, ya ce za a iya yin aiki. Baban ya ƙi, wai ya saba. Sai ta ba shi wani labari da ta karanta na masanan Yunan na dā, wato Girkawa. Wai wasu mutane aka ɗaure a kogo tun suna yara, ba sa ganin komai sai inuwa a jikin bango, har suka ɗauka inuwar ce duniya. Da aka kwance ɗaya aka fito da shi, ya ga rana, ransa ya san gaskiya. Baban ya yi dariya, ya ce ashe Yunanawa sun san da zamansa. Ni ma na matsa masa, ya yarda. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Maryama

Zuwa ga Yaya Mujahida,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Da fatan zafi da sauƙi a wajenku.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Da aka cire audugar a mustashfa, wato asibiti, ya daɗe yana kallona, ya ce na yi furfura ban gaya masa ba. Muka kai shi Harami, ya ga Ka'aba, ya yi kuka.

Daga nan ya ce a kai shi Nakkasa. Na so in hana, amma na bi shi. Surukinmu Bandar ya ɗauke mu a sayyara, wato motarsa. Yaya, gefenmu fili ne, sai ƙasa da shinge. Ya sauka yana neman inda shagonsa yake, ya nuna nan, ya ce a'a, ya nuna can. Ya tambayi Bandar wajen masallacinsu, shi ma bai gane ba. Sai ya ce mu tafi, khalas, shi ke nan.

Tun ranar ya daina hira. Yana cin abinci kaɗan, ya zauna ya rufe ido da gangan. Hadil ta same ni a kicin tana hawaye, ta ce akwai sauran labarin: hasken ya yi wa mutumin ciwo, har ya so komawa kogon. Na ce ba laifinta ba ne. Amma wallahi ina kewar mijina na dā, wanda ba ya gani yana ba mu dariya.

Taki,
Maryama

Zuwa ga Yaya Mujahida,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an yi wa jikarki suna, Allah Ya raya.

Jiya ya yi magana. Ya ce yana so ya koma Kano, gidan mahaifinsa na Yakasai, ya zauna a zauren da ya koyi ɗinki, ƙarƙashin darbejiyar nan. Ya ce wannan dai ya tabbata yana nan. Kin san ba mu da iƙama, takardar izinin zama. In mun fita, mun fita ke nan, kuma yaranmu duk suna nan.

Don Allah ki je Yakasai da kanki ki duba ko gidan yana nan. Kada ki aiko hoto, wayata tana yawan zama a hannunsa yanzu. Ki rubuto min gaskiya, ni kaɗai. Na ce masa zan yi tunani, amma ya riga ya sa Hadil ta sauko masa da akwati.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Maryama