Gamban Iyakar Gonarmu

Baba,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka takardar nan, amma in ban rubuta ba cikina zai fashe.

An raba gandunka na Sakajiki. Da shari'a ta zo aka yi ta wa'azi cewa mata ma su karɓi gadonsu, sai na kai magana gaban alƙali. Ka san tun rasuwar mijina ni ke ci da yara huɗu. Aka zo da igiya aka auna, aka yanka gonar kashi-kashi, aka dasa gamba a iyakar kowa. Yaya Sanusi, babban ɗanka, shi ya riƙe bakin igiyar. Ko ta yaya aka yi gefen kwari ya faɗa hannunsa, ni kuma na tashi da faƙo? Oho.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Bara na ƙirga kunyoyin gonata tun daga gindin aduwa zuwa gamba. Bana na sake ƙirgawa, biyu sun ɓace. Gamba na da ƙafa ne, Baba? Na duba gindinsa, ƙasar sabuwa ce, kamar jiya aka tona. Ban ga kowa da idona ba, kuma ina tsoron Allah, amma wallahi zuciyata ba ta kwanta da Yaya ba.

A zamaninka rumbu ɗaya ke kai mu har sabon gero. Yanzu kowa da ɗan nasa, nawa kuwa tun kafin ruwa ya sauka na share ƙasansa. Shekaranjiya na daka irin da na ɓoye don shuka, yaran suka sha kunu.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da nake ba ka magani a asibitin Ƙaura, ka ce in gaya wa 'yan'uwana kada a raba gona, a noma tare. Ni kaɗai na ji, na kuwa yi shiru, don ina son nawa a hannuna. Ka yafe mini.

Amma kai ma ina da tambaya. Ka san halin ɗanka ne shi ya sa ka hana? To me ya sa ba ka faɗa a gabansa ba, ka bar ni da nauyin?

Gobe zan je gidansa roƙon iri. Zan durƙusa in gaishe shi, in kuma yi masa godiya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka.

'Yarka da ba ta isar da saƙonka ba,
Hadiza