Kujera Goma, Babu Mai Cewa A'a

Marken Dutse,
ranar kasuwar Makarfi, tsakiyar kaka.

Zuwa ga ɗan kawuna, Malam Inuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Lantana, da Firdausi da maigidanta da suka sauke ku a Ikara. Yaya ƙafar? Gwaggonka na gaishe ka, ta ce in faɗa maka ciwon ƙafa ba ya hana ɗaukar waya. Na kira ka har na gaji, shi ya sa na koma wa biro da takarda, na ba Ahmadu direba ya miƙa maka.

Ban san ko jaje zan yi maka ba, ko kai ne za ka yi mini barka. Kujera goma ce a majalisar kansiloli, jam'iyyarmu ta kwashe goman, har da taka da ka shekara shida a kai kana hana mu shan ruwa. Ban taka mazaɓarka da sunan kamfe ba, ka sani, amma ba zan ɓoye maka ba, ranar da aka faɗi sakamako na hau bayan akori-kura na yi ta ɗaga hannu har kafaɗata ta riƙe.

Mun yi zaman farko. Shamsuddeen aka ba kakaki. Da aka karanta ƙudiri ya ce masu goyon baya su ce e, muka ce e. Ya ce waɗanda ba su yarda ba su ce a'a, sai zauren ya yi tsit, muka juya gaba ɗaya muna kallon kujerar nan ta bakin taga inda kake zama. Daga nan aka yi ta dariya. Zaman da kan kai mu la'asar a zamaninka, kafin a kira azahar mun watse.

Yau a kasuwa na ga takalmi sau-ciki irin naka, mai faɗin baki, sai na tsaya ina murmushi ni kaɗai. Har gobe babu wanda ya san sirrinmu: duk ƙudirin da raina bai kwanta da shi ba, in ninke kwafinsa huɗu in cusa maka a takalmi a ƙofar masallacin Juma'a. Ranar zama ka miƙe da wannan shaƙaƙƙiyar muryar taka ka ce a'a, ka rantse sai ka kai magana gidan rediyo. Ni kuma in lallaɓa wurin ciyaman in ce, ranka ya daɗe, a jingine batun nan, tsohon nan zai tona mu. Kai ka sha zagi, ni na sha yabo, aiki kuma ya yi kyau. Yanzu ka huta, ka bar mana ƙasar mu gyara.

Ka gaida mutan gidan duka. Maiɗakina Mukarrama ta ba da mazarƙwaila a kai wa Lantana.

Taubashinka,
Zulkifilu

Marken Dutse,
tsakiyar rani.

Ɗan kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan jiki na ƙara sauƙi, iyali kuma kowa lafiya. Na samu amsarka, layi biyu cur: ka ga takardata, ƙafa da sauƙi. Rowarka har a tawada.

Ni dai na gaji, Inuwa. Tun asuba ƙofar gidana take cika. Mutanenka na da duk sun sauya sheƙa sun dawo wurinmu, sun fi mu iya kirarin jam'iyya, kowa kuma ya ce shi ya kawo akwatin unguwarsu. Ban taɓa sanin muna da masoya haka ba, ban kuma san abin da zan ba su ba.

Shekaranjiya Indo, tsohuwar nan mai daddawa, ta tare ni a kan maganar famfon unguwarsu da ya shekara biyu a mace. Bakina ya saba, sai na ce, "Ai Iya, su ne suka hana." Ta dube ni ta ce, "Su wa, ɗan nan? Ba kun kore su ba?" Na tayar da babur na wuce. Shekara shida kalmar nan "su" tana rufa mana asiri, yanzu komai ya lalace mu ne.

A zauren ma babu daɗi. Da muka rasa abokin faɗa sai muka juya wa juna. Biyar suna tare da ciyaman, huɗu, har da shi kansa, suna ɓangaren kakaki, ni ina tsakiya kowane ɓangare na harara ta. Abu ɗaya kawai ya haɗa kansu, shi ne ya sa na ɗauki biro.

Maganar burtali ta dawo. Hanyar nan da shanun rugagen Arɗo Usmanu ke bi zuwa mashayar Rafin Ɗinya, ana so a yayyanka ta gonakin rake, a raba wa waɗanda suka yi wa jam'iyya wahala, na ciyaman rabi, na kakaki rabi. Sau biyu takardar nan tana shiga takalminka, sau biyu kana kashe ta. In aka toshe burtalin, shanu ba su da hanyar ruwa sai ta cikin gonakin mutane, ka kuwa san abin da ke biyo bayan haka.

Ka tuna kafin zaɓe na je rugar Arɗo. Na zauna a kan tabarmarsa, na sha furar gidansa, na ce masa muddin ina kan kujera babu mai taɓa burtali. Bai sa ni rantsuwa ba, cewa ya yi maganar ɗan Sabuwa ta ishe shi, don gidansu ke kawo wa gwaggonka nono tun kafin a haife ni. Da na yi alkawarin, wallahi kai nake hange a raina, ban kawo za ka faɗi ba.

An ja mini kunne tun yanzu. Duk wanda ya ƙi, zagon ƙasa yake wa jam'iyya, dakatar da shi za a yi, takara ta gaba kuwa ya manta da ita. Mukarrama ta ce in yi ciwon ƙarya ranar. Na yi tunanin hakan, kunya ta hana ni. Na yanke zan ce a'a, ko da ni kaɗai ne. Ka sa ni a addu'a, don gwiwata ba irin taka ba ce.

A gaida Lantana da yara.

Naka,
Zulkifilu

Marken Dutse,
bayan ruwan farko.

Malam Inuwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kun kuma samu ruwan nan kamar yadda muka samu. An fara shuka, gwaggonka na nan ƙalau sai ciwon baya.

Kafin in faɗa maka yadda zaman ya kasance, akwai abin da na ɓoye maka tun wasiƙar farko. Na ce maka an yi dariya ranar zaman farko, ban faɗa maka dalili ba. Ni ne na shaƙe murya, na ɗaga yatsa yadda kake yi, na ce a'a. Tun muna yara nake kwaikwayonka, wasan taubasai ne, kai ma ka sha yi mini. To abin ya yi wa mutane daɗi har ya zama al'adar zaure. Duk zama, in kakaki ya nemi masu a'a, sai a juyo ana jira na, in yi, a kwashe da dariya, ya buga guduma. Wata shida ina haka. Na san ba a gabanka nake yi ba, kuma wasan da aka yi a bayan mutum yana kwance yana jinya ba wasa ba ne. Ka yafe mini.

Ranar Talata aka kawo ƙudirin burtali. Ban karya ba na fita. Ukasha akawu ya karanta, aka ce masu goyon baya, mutum tara suka ce e, na kame bakina. Kakaki ya ce waɗanda ba su yarda ba. Na miƙe tsaye, na ce a'a.

Zauren ya ɗauki dariya irin wadda ba a taɓa yi ba. Na kusa da ni ya dafa kafaɗata ya ce yau har da tsayuwa. Shamsuddeen yana share hawaye ya ce, "Allah ya ba Malam Inuwa lafiya," ya buga guduma. Na ce da gaske nake, aka ƙara fashewa, wani ya ce haka Malam Inuwa ke faɗa, haka ɗin nan. Ina tsaye aka ɗauki sandar majalisa aka fita da ita. Ka fi ni sani, in sanda ta fita magana ta ƙare.

Na bi kakaki har mota. Ya saurare ni, fuskarsa ta sauya kaɗan, sannan ya ce, "Honarabul, ka gode wa Allah da aka ɗauka wasa ne. Ni ban ji komai ba, kai ma ba ka ce komai ba." Ya ja gilashi.

Ba a dakatar da ni ba, ba a ko harare ni ba. Ciyaman ma aiko mini ya yi da gaisuwa. Na dawo gida na kwanta da rana tsaka kamar wanda ya yi noman kwana uku.

Ka gaida gida.

Zulkifilu

Marken Dutse,
ƙarshen damina.

Ɗan kawuna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Ahmadu ya ce ya gan ka kana takawa zuwa masallaci ba sanda, na yi murna ƙwarai. Ba ka amsa waccan takardar ba, ban kuma ga laifinka ba.

An kafa turaku a burtali, an ja waya. Tun kafin rake ya kai gwiwa masu gonakin suka fara kai ƙarar juna a kan iyaka, na ciyaman da na kakaki, yanzu ko gaisawa ba sa yi. Waɗanda ba su samu ba sun fi waɗanda suka samu yawa, su ne ke zaginmu a kasuwar Kudan, kuma duk da hular jam'iyya a kansu. Sau biyu shanu suna faɗawa gonar masara a hanyar ruwa. Na biyun an zare sanduna, Allah ya tsare ba a rasa rai ba.

Bayan wannan ne Arɗo Usmanu ya zo gidana. Bai ɗaga murya ba, ka san shi. Mun gaisa, ya tambayi gwaggonka, ya tambayi gona, sannan ya ce an karanta masa takarda, an ce kansiloli goma duk sun yarda. Ya ce, "Har da kai, ɗan Sabuwa?" Na ce masa wallahi na ce a'a, a tsaye ma na faɗa. Sai ya ce, "To, mu dai e ta iso mana."

Washegari na tafi wurin Ukasha akawu, na ce ya gyara littafin zama, ya rubuta tara da ɗaya, ko ba komai in samu abin nuna wa Arɗo. Ukasha mutumin kirki ne, ya rufe ƙofa ya zaunar da ni. Ya ce shi abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, da ya ji na ƙi da ya rubuta, ko za a kore shi. Na ce to me ka ji? Ya ce, "Honarabul, ai da muryar Malam Inuwa ka faɗa. Har yatsan ka ɗaga."

Inuwa, ban sani ba. Na rantse maka ban san na yi ba. Na ɗauka da muryata na yi magana. A hanyar dawowa na tsayar da babur a bakin gonata, babu kowa, na gwada faɗin kalmar nan yadda zan faɗe ta ni Zulkifilu. Sau uku ina gwadawa, duk taka ce ke fitowa. Shekara shida ina cusa maka a'a a takalmi ina ce wayo nake yi, ashe ban taɓa faɗinta da bakina a zauren nan ba sai da wasa.

Ranar Lahadi rugagen suka tashi. Matar Arɗo ta biyo ta yi wa gwaggonka sallama, ta kawo mata ƙwaryar nono ta ƙarshe, ta ƙi karɓar komai. Gwaggonka ba ta yi mini faɗa ba. Da na shiga gaishe ta sai ta tura mini ƙwaryar ta ce in sha, ai don ni aka kawo. Na kasa.

Saura shekara biyu a kujerar nan, mu goma, babu wanda zai kayar da mu sai mu da kanmu, kuma mun kama hanya. An daina wasan a'a a zaure, don na daina yi. Shamsuddeen ma ya daina tambaya, daga e sai guduma.

Jiya Juma'a da na fito masallaci akwai kwafin wani ƙudiri ninke huɗu a aljihuna, sai na samu kaina ina bin layin takalma ina neman sau-cikinka. Har aka watse ina tsaye, na sa nawa na tafi gida da ita.

Ka gaida Lantana, da Firdausi da maigidanta. In ka ga dama ka kunna wayar.

Ɗan gwaggonka,
Zulkifilu