Ƙauyen Rabi'atu Yana New Bell

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Rabon Tallafin Musayar Ɗalibai da Jami'o'in Ƙasashen Waje, Yawunde, Kamaru.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aikinka. Sunana Hajiya Binta, haifaffiyar New Bell a Duwala, akawu ce ni a wani kamfanin sayar da magunguna a Bonaberi. Na riga na rubuto wa kwamitinka da Faransanci, cikin ambulan, ta hanyar da ta dace, ban sami amsa ba. Wannan karon na rubuta a fili kuma da Hausa, domin maganar ta wuce gidana. Na san ba za a rasa mai fassara muku ba, ko da mai gadin ƙofa ne. Maganar a kan 'yata ce, Rabi'atu, wadda takardunta ke ajiye a ofishinku.

Na ɗaya. Rabi'atu ta fara karatun gwajin jini da cututtuka a Buya, a yankin masu Turancin Ingilishi, ba da daɗewa ba rikicin 'yan aware ya ɓarke. Aka koma zaman ɗaki na dole kowace Litinin, daga baya makarantar ta tsaya cak. Ta dawo a bayan motar kaya, na tarbe ta a tashar Grand Hangar da jaka ɗaya, littattafanta suna can har yau. Ta yi zaman gida mai tsawo kafin ta sami gurbi a nan Duwala, inda aka mayar da ita aji na baya. Ba ina neman tausayi da wannan ba, dubban yara sun ga abin da ya fi haka. Na kawo shi ne saboda tallafinku yana da iyakar shekaru, kuma shekarun da rikici ya cinye mata sun kai ta bakin iyakar. Bana ce damarta ta ƙarshe. Ta zauna jarrabawarku ta ci, jami'ar da za ta karɓe ta a Moroko ta aiko da takardar amincewa, ta kuma ce za ta riƙe mata gurbin zuwa ranar buɗe makaranta kawai.

Na biyu. Gwamnati tana raba guraben ne yanki-yanki, don kowane sashe na ƙasa ya samu. Ba ni da ja a kan wannan. Amma yankin da kuke tambaya ba inda aka haifi ɗalibi ba ne, ƙauyen ubansa ne, tare da shaidar sarkin ƙauyen. Rabi'atu ta rubuta New Bell, Duwala. Aka dawo mata da takardun, aka ce New Bell unguwa ce ba ƙauye ba, kuma kason wannan yanki na 'yan asalin yankin ne. Muka je wurin mai unguwarmu, dattijon da ya halarci sunan ubanta, ya ba mu shaida da hatiminsa. Aka ce shi sarkin baƙi ne, shaidarsa ba ta nuna asali.

Na uku, kuma nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na ɗauki hutu a wurin aiki na zo ofishinku da kaina. Jami'in da ya saurare ni mutum ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya kira ni Madam, ban ga mugunta a fuskarsa ba. Ya ce in kwantar da hankalina, yana da tambaya ɗaya da ke warware irin wannan matsala kullum. Ya ce, "Idan an yi muku rasuwa, ina kuke kai gawar? To can ne ƙauyenku."

Na san inda tambayar ta fito. Na shekara da shekaru ina aiki da mutanen kudu da na yamma. Idan sun yi rashi, a ajiye mamaci a ɗakin sanyi na makonni, a ɗinka anko, a yi hayar bas, a tafi da shi ƙauye a binne shi a bayan gidan kakansa, a gina kabari a rubuta suna. Na yi musu karo-karo, na sa ankonsu, na raka su har ƙauyukansu. Al'adarsu ce, ina girmama ta, kuma a wurinsu tambayar jami'inku tana da amsa.

Mu ba ma kai gawa ko'ina. Inda mutum ya cika, nan ake yi masa wanka, a sa masa likkafani, a sallace shi, a binne shi a ranar. Mahaifin Rabi'atu ya rasu da safe a wani asibiti a Logbaba, kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta. A wannan maƙabarta mahaifinsa yake. A nan kuma kakansa yake, wanda ya zo da fataucin goro tun zamanin Jamus, tun New Bell tana fadama da sauro, tun kafin a san za a yi ƙasa mai tutar da ke kan teburinka. Na gaya wa jami'in haka. Ya yi murna, ya ce to ai shi ke nan, in ɗauko hoton kaburburan yadda sunaye za su fito. Na ce masa ba ma rubuta suna. Tudun ƙasa ne kawai, ruwan Duwala kuwa ba ya barin tudu ya daɗe. Ya ce aƙalla in nuna wanne ne na mijina. Na ce ban sani ba, domin mata ba sa rakiyar gawa a wurinmu. Ƙaninsa ne ya sani, shi ma da kwatancen wata bishiyar mangwaro.

Ya dube ni na ɗan lokaci, kamar yana tunanin wace irin mace ce ba ta san kabarin mijinta ba. Sai ya ɗauki jan biro ya rubuta a bangon takardun cewa a binciki ko 'yar ƙasa ce. Na shiga ofishin 'yata ba ta da ƙauye, na fito ana shakkar ƙasarta ma. Ba zan ɓoye maka ba, wannan ya yi mini ciwo fiye da duk abin da ya gabata. A shekarun nan da ake kallon duk mai suna irin namu da idon zargi saboda 'yan bindigar Arewa, ka san abin da wannan jan rubutu yake jawowa.

Na huɗu. An nuna mini hanya mai sauƙi, kuma gara ka ji ta daga bakina. Ƙanin mijina, Alhaji Sule, ya ce, "Yaya, ki bar wahalar da kanki. Akwai mai kawo takardar wani ƙauye daga Arewa, sati ɗaya dosiye, wato takardun yarinyar, ta wuce." Gaskiya ya faɗa, da yawa a unguwarmu haka suka yi, kuma ban zarge su ba. Akwai 'ya'yan New Bell da ke riƙe da shaidar ƙauyukan da ko a taswira ba za su iya nunawa ba. Na kai wa Rabi'atu maganar, don ita ce mai asara. Ta ce gurbin da za ta shiga da wannan takarda na wata yarinya ce ta can, wadda wataƙila 'yan bindiga sun rufe tata makarantar, kuma ita ta san yadda wannan yake. Ni kuma nawa dalilin ya fi nata son kai. Ranar da ta sa hannu cewa ita 'yar wani wuri ce, ta amince da bakinta cewa ubanta baƙo ne a garin da aka haife shi aka binne shi, kuma 'ya'yanta ma haka za su gada. Alhaji Sule ya ce mu biyun taurin kai ne zai kashe mu. Mai yiwuwa ne.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo. A goge jan rubutun nan, domin takardar haihuwarta da katin ɗan ƙasa na ubanta da nawa duk suna cikin takardun, gwamnatin nan ce ta ba mu su. A karɓi shaidar mai unguwarmu kamar yadda ake karɓar ta kowane sarkin ƙauye, a saki takardun Rabi'atu kafin jami'ar Moroko ta ba wa wani gurbinta. Idan kuma kwamiti ya ga ba zai iya ba, to a rubuto mana a takarda, da sa hannu da hatimi, wane yanki ne namu, don iyayen da ke bayana su daina ɓata kuɗin mota zuwa Yawunde.

Rabi'atu ta sayi rigar sanyi a gwanjo tun ranar da sakamako ya fito, ta wanke ta ta ninke a kan akwati. Ba ta tambayata labarin Yawunde yanzu, ni ma ba na tayar da zancen.

Jami'inku ya ce inda ake kai gawa nan ne ƙauye. Na yarda da ma'auninsa. Mun ba wa ƙasar Duwala kaka da uba da ɗa, ba mu ɗauke ko ɗaya zuwa wani wuri ba. Shaidar da ta rage in ƙara muku ita ce tawa gawar, kuma nan za a sa ta, kafin la'asar, ba suna. Ina roƙon kada kwamiti ya jira wannan.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka da iyalinka, ya sa 'ya'yanka su yi karatu ba tare da an tambaye su kabarin kowa ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kudu da arewa.

Wassalam.

Hajiya Binta, mahaifiyar Rabi'atu,
New Bell, Duwala.