Ankon Malam Mai Keke

São Paulo, 22 ga Agusta, 2010

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Barka da shan ruwa. Yaya ƙafar taki? Na san Lantana ce za ta karanta miki, to ƙanwata, ki karanta a hankali, kada ki tsallake komai. Ni lafiya lau, sai sanyi. Har yanzu ina nan da amalankena a kasuwar Brás, ina kai wa 'yan kasuwa dilolin kaya.

Inna, akwai maganar da bakina ya kasa faɗa miki ta waya. Da yayanki Kawu Barau ya rasu, maƙabartar gwamnati muka kai shi, don iyakar ƙarfinmu ke nan. To a nan aron kabari ake ba talaka. In shekara uku ta cika sai a tone, a ba wani wurin. Wanda danginsa suka zo, su kai ƙasusuwansa inda suka tanada. Wanda ba a zo masa ba, a ƙulle shi a buhun leda a kai ɗakin tara ƙashi, cikin waɗanda ba a san sunansu ba. Matarsa Dona Neusa ta kawo mini takardar sanarwar tonon. Tsakiyar Oktoba za a tone Kawu.

Akwai maƙabartar Musulmi a bayan gari, can ba a tono. Sai dai kuɗin filin ya fi abin da amalanke ke ba ni a shekara, ita kuwa Dona Neusa wanki da guga take yi.

Sai na ce ai muna da ƙungiyar 'yan Najeriya. Na je taronsu ranar Lahadi a bayan gidan abincin Madam Ronke. Bari in gaya miki su waye manyanmu. Shugaba shi ne Alhaji Sabi'u Kwantena, wanda ya sauka garin nan da jakar leda ɗaya, ya yi damina guda yana kwana a falon Kawu. Yanzu tumbinsa ke riga shi yin sallama. Ma'aji Cif Ibekwe, Kawu ne ya tsaya masa lokacin da ba shi da takardar zama. Madam Ronke kuwa, tukunyar da ta fara sana'a da ita ta ɗakin Dona Neusa ce, har yau ba ta koma ba.

Na ɗaga hannu har hammatata ta gaji. Da na faɗi abin da ya kawo ni, Alhaji ya ce, "Haba Tasi'u, maganar gawa ana tsakiyar shirin biki? Bari mu gama da abin da ke gabanmu tukuna."

Abin da ke gabansu kuwa, Inna, wata gawar ce. Wai ƙasarmu za ta cika shekara hamsin da samun 'yanci, za su yi gidauniya don karrama Malam Ɗankaka Mai Keke, ɗan gwagwarmayar nan na talakawa, su kafa masa allon tagulla, su sayi zaure da sunansa. Kin fi ni sanin inda suka ji sunan. Kawu ne ke ba su labari suna cin tuwonsa: yadda yana yaro yake bin Malam ƙauye-ƙauye yana yi wa keken faci, yadda da aka ɗaure Malam ya riƙa kai masa kunu gidan yari. Hoton Malam ɗin da ke saman gadon Kawu ma sun ara, za a buga a atamfar anko.

Da za mu tashi Cif ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa, in kuɗi ya shigo, Baba Barau ne farko. Ni na faɗa." Na riƙe wannan, don ba ni da wani abin riƙewa.

Ki sa mu a addu'a. A gaida mutanen gida duka.

Ɗanki,
Tasi'u

19 ga Satumba

Inna,

Gaisuwa da fatan kun yi Sallah lafiya, Allah Ya maimaita mana. Saƙonki ya iso, na ji kin ce kin daina barci. Ki yi haƙuri, ban zauna ba.

Anko ya iso. Kore ne da fari, fuskar Malam da sunansa jere reras tun daga sama har ƙasa. Mutumin da aka ce rigarsa ɗaya ce, in an wanke sai ya jira ta bushe, yau ga shi matan ƙungiya sun ɗinka shi suna zama a kan fuskarsa. Madam Ronke ce dillaliya, ta ninka kuɗin. Ta ce wanda ba shi da anko ba zai taka ƙofar zaure ba. Na ce mata, "Madam, ni kuɗin kabari nake tarawa." Ta ce, "Ka ji shi! Mu kuma kuɗin tarihi muke tarawa. Yadi biyar za a yanka maka ko shida?" Na sayi biyar daga cikin abin da na tara wa Kawu. Ban kai wa tela ba, yafawa zan yi.

Sun yi ta zaman taro, amma ba a kan Malam ba, a kan sunan wa zai zo farko a takardar gayyata. Har an ɗaga kujera. Ana cikin haka Alhaji ya juyo ya ce, "Wai shi Malam ɗin nan, minista ya yi ko gwamna?" Wani ya ce kamar dai kurkuku ya yi. Alhaji ya ce, "Kai, wannan ba zai yi kyau a takarda ba. A rubuta Babban Jagora."

Inna, ban yi boko mai nisa ba, amma na daɗe ina ɗauko wa mutanen nan kujerun biki, ina tsayawa ina kallo. Kuɗinsu iri biyu ne. Akwai na lasifika, wanda mutum zai miƙe ya ambata a yi masa tafi. Wannan iska ce, ba ya fita ƙofar zaure. Akwai kuma liƙi. Shi liƙi ba a yin sa bashi, dole a ga takarda ta taɓa goshi, musamman in mai ɗaukar hoto na kusa. Saboda haka ba zan jira gidauniya ba.

Na je na sami Dona Neusa tana guga, na ce ina so ta fito fili ta taka rawa ranar bikin, riƙe da hoton Kawu. Ta ajiye dutsen gugar ta ce, "Ɗana, ni da gwiwar nan? Mijina bai taɓa ganina ina rawa a gaban maza ba." Na ce mata rawar kabarinsa ce. Ta zuba mini kofi, can ta ce, "To ka gaya wa makaɗin kada ya yi sauri."

Na shirya da mai gabatarwa na bikin. Zan kai masa lasifikokinsa zaure in dawo da su kyauta, shi kuma zai kira ta.

Ki ci gaba da addu'a. Ina gaida Lantana da yaranta.

Naki,
Tasi'u

4 ga Oktoba

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya. Zan faɗa miki yadda aka yi ba ƙari ba ragi.

An yi biki ranar Asabar da rana. Zaure ya cika, ko'ina ka duba fuskar Malam ce, a ciki, a baya, a ɗaurin kai. An gasa nama kamar ba gobe. Alhaji ya yi jawabi mai tsawo a kan sadaukarwa, sau biyu yana duba hannun rigarsa kafin ya tuna sunan wanda ake karramawa.

Sai aka buɗe gidauniya. Alhaji ya ce ya ba da real dubu ashirin, kuɗin ƙasar nan. Cif ya zabura ya ce, "Ba za a ce Alhaji ya fi ni son ƙasa ba, dubu ashirin da ɗaya!" Wani da ya ƙi biyana ladan dako tun kafin azumi ya miƙe ya yi alkawarin motar asibiti. Aka yi ta guɗa. Da a ce baki na gini, Inna, da mun kwana da bene a ranar.

Can mai gabatarwa ya kira matar marigayi Baba Barau, uban baƙi. Dona Neusa ta fito da hoton a ƙirji, tana takawa a hankali, idonta a ƙasa. Mai ɗaukar hoto ya juya kanta. Shi ke nan, kamar an watsa wa kaji tsaba. Alhaji ya taso da bandir, Cif ya biyo shi da wanda ya fi, mata suka yi caa. Kowa na liƙi, amma ba wanda ke kallonta, idonsu na kan mai hoto. Kuɗi ya rufe ƙasa har ba a ganin takalminta. Wallahi da ido na auna, na ga fili a maƙabartar Musulmi har da canji. Na ce alhamdulillahi.

Na durƙusa da jaka zan kwashe, sai na ji tsinin takalmi a bayan hannuna. Madam Ronke ce. Ta ce, "Ɗaga hannunka, ɗan dako. Abin da ya faɗi ƙasa a zauren ƙungiya, na ƙungiya ne." Yaran gidan abincinta suka zo da tsintsiya suka share tas.

Bayan an watse na tare Cif, na tuna masa maganarsa. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka san nawa ne hayar zaure? Makaɗa fa? Abin sha fa? Mai hoto fa? Ƙungiya ma bashi ake bin ta yanzu. Bari alkawura su shigo." Na juya wurin Alhaji. Yana sakace, ya ce, "Tasi'u, kana da taurin kai. Mamaci ai bai san inda yake kwance ba. Addu'a kawai yake buƙata."

Na kalli bakin da ya ci tuwon Kawu damina guda.

A motar komawa gida Dona Neusa ta kwance ɗankwalinta. Takardun kuɗi biyu ne suka maƙale a ciki. Ta miƙo mini ta ce, "Waɗannan ba su faɗi ƙasa ba." Ta yi dariya, sannan ta juya fuskarta ga taga har muka sauka.

Kada ki yi kuka, Inna. Da sauran lokaci kaɗan.

Ɗanki,
Tasi'u

18 ga Oktoba

Mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da kowa. Ki zauna kafin Lantana ta fara.

Ban sami filin ba. Amma Kawu bai shiga ɗakin buhuna ba. A maƙabartar akwai wani dogon bango mai ƙananan akwatuna da ake haya na shekara biyar, a rubuta sunan mutum a murfi. Na sayar da amalankena, na haɗa da takardu biyun nan da abin da ya rage mini, na kama ɗaya. Yanzu amalanken wani nake haya kullum. Kada wannan ya dame ki, ƙafafuna na nan.

Ranar tonon, da sassafe na biya wurin Madam Ronke da atamfar, tunda almakashi bai taɓa ta ba, ko za ta ba ni rabin kuɗina. Ta ce, "Wa zai sayi ankon bikin da ya wuce? Ka yi labule da shi." Na mayar da ita jaka na wuce.

Na sanar da ƙungiya rana da lokaci. Ba wanda ya zo. Mu uku ne: ni, Dona Neusa, da limamin masallacinmu, wani dattijo ɗan Senegal da ba ya cikin kowace ƙungiya. Mai tonon mutumin kirki ne, ya cire hularsa kafin ya fara. Na zaci akwati za su ba mu. Da ya gama tattarawa sai na ga ya warware buhun leda shuɗi, irin wanda muke zuba shara a kasuwa. Ya ce ka'ida ce, amma in muna da ƙyalle mu fara naɗewa, ba zai hana ba.

Ba mu zo da likkafani ba, Inna, ban san za a buƙata ba. Sai na tuna da abin da ke jakata. Na fito da ita. Liman ya kalli fuskokin nan jere ya girgiza kai, sannan ya kama gefe ya juya. Bayan atamfar fari ne, rinin bai ratsa ba, don mai araha Madam ta sa aka buga. Ya ce, "Juya ta haka. Farin a waje."

Haka muka naɗe yayanki, fari a waje, fuskar Malaminsa tana ciki tana kallonsa. Dona Neusa ta ɗaure bakin da hannunta. Liman ya yi addu'a, muka shafa. A duk yadin da aka yanka don Malam Mai Keke, ina jin wannan biyar ɗin ne kaɗai suka je inda zai so.

Allon tagulla kuwa shiru, zaure shiru. Hoton da suka ara ma sai da na je na ciro shi da kaina daga bangon gidan abincin, yana shan hayaƙi.

Jiya Alhaji ya kira ni a waya, murya kamar zuma. Wai ya ji an sama wa Baba wuri, in ba shi lambar akwatin, za su zo da mai hoto cikin anko, a sa a mujallar ƙungiya cewa gidauniya ta fara aiki. Na ce masa, "Alhaji, ai kai ka koya mini. Mamaci addu'a kawai yake buƙata. Yi masa daga nan inda kake zaune." Na ji yana haba-haba, na kashe.

Lambar tana wurina da wurin Dona Neusa, ga ta kuma na rubuta miki a bayan takardar nan. Shekara biyar gare ni. In Allah Ya ba ni rai da lafiya, kafin su cika zan kai shi inda ba a tono, kuma ba da lasifika ba.

Ki yi barci yanzu, Inna. Sunansa na rubuce, Barau ɗan Mamman, da harufa manya.

Ɗanki mai neman albarkarki,
Tasi'u