Ranƙwashin Tallan Kwamfuta Ya Iso Kan Ɗana

Zuwa ga Alhaji mai shagon kwamfuta na bakin kasuwar Gummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran shago, ina roƙon ka karanta wannan takarda har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci. Ni ne malamin firamaren nan da ka koya wa riƙe linzamin kwamfuta, kana tsokanata wai ina riƙe shi kamar na kamo kwaɗo. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda abin da zan yi kuka a kansa ya riga ya fita daga shagonka, yana cikin wayoyin mutane daga nan har Bukkuyum.

Na ɗaya, tallan kansa. Ranar kasuwa ka ɗora samari biyu a bayan motarka, ga lasifika. Ɗaya ya sha shadda mai sheƙi, shi ne manhajar da ke tafiyar da sababbin kwamfutocin da kake sayarwa. Ɗayan yana cikin koɗaɗɗiyar riga, shi ne manhajar abokan hamayyarka, wadda yawancinmu muke fama da ita. Ana yi masa tambaya, ya ɗauko amsa, sai ya tsaya cak a tsakiyar magana, baki buɗe, ido a kafe. Mai shadda ya kai masa ranƙwashi, wai ya kashe shi ya sake kunnawa, sai ya farka ya ci gaba. Kasuwa ta kwashe da dariya. Masu rumfunan cajin waya suka ɗauki wasan suna tura wa duk wanda ya kawo caji.

Na biyu, ba ni da ja da kwatanta kaya. Mai shinkafar fadama ma yana zuba tasa kusa da ta maƙwabcinsa ya ce a duba tsawon ƙwaya, kuma babu wanda ya taɓa cewa ya yi laifi. Ba kuma ƙarya ka yi ba. Kwamfutata takan sandare ina tsaka da buga tambayoyin jarrabawa, har in ji kamar in jefa ta rijiya. Ko da yake taka manhajar ma ba waliyyiya ba ce, tunda injin buga takardun makarantarmu ya ƙi gaisawa da ita. Na kuma san inda dabarar ta fito. Ka taɓa nuna mini irin tallan da manyan kamfanoni ke yi a waje, inda ake tsayar da ɗan gayu da wani bagidaje, kowa a madadin manhajarsa. Wataƙila a can babu wanda abin ke taɓawa. A nan akwai.

Na uku, ɗana Lawali. Kafin a mayar da ni Gummi, a wani ƙauye na wajen Anka muke zaune, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Gubar dalma ta kashe yara a unguwarmu, ciki har da waɗanda suka yi rarrafe tare da shi a tsakar gida ɗaya. Lawali ya sha magani, Allah ya bar mana shi, amma abin ya bar masa alama. Yakan fara magana ya tsaya a tsakiya, bakinsa a buɗe, idonsa a wuri ɗaya. In an yi haƙuri an jira shi, yana dawowa ya ƙarasa daga inda ya tsaya. 'Yan ajinsu sun saba da hakan, har wani lokaci su ne ke hana sabon malami katse shi.

Tun da wasanka ya shiga wayoyi, jiran ya ƙare. Da Lawali ya tsaya sai wani ya miƙo hannu daga baya ya ranƙwashe shi, a ce an sake kunna shi, aji ya kwashe da dariya. Na hukunta wasu, na je gidajen wasu. Iyaye sun ba da haƙuri, amma ba na iya bin sa har bakin rijiya da filin ƙwallo. Yanzu ya daina zuwa makaranta. Da safe sai ya ɓoye takalmansa a bayan rumbu ya ce sun ɓata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a gida. Innarsa ta tambaye shi abin da zai ci, ya fara amsawa, ya tsaya. Muna jira kamar kullum, sai muka ga ya dunƙule hannu ya ranƙwashi kansa da kansa. Ya ɗauka haka ake gyara shi. Innarsa ta shige ɗaki tana kuka, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Raina ya ɓaci ƙwarai, Alhaji, kuma har yanzu bai gama hucewa ba.

Duk da haka na san ba da gangan ka yi ba. Ba ka san Lawali ba. Kasuwa ta yi wuya, ka zuba jarinka a kayan da mutane ba su saba da su ba, dole ka nemi hanyar jawo ido. Yaron da ya fito a koɗaɗɗiyar riga ma abincinsa yake nema, kuma gwani ne.

Ga roƙona. Ka dakatar da wasan, ka kuma yi wa masu rumfunan caji magana su daina tura shi, suna jin nauyinka. In kana son nuna fifikon manhajarka, ka ɗora kwamfutocin biyu a kan tebur ɗaya, ka kunna su tare a gaban jama'a, kowa ya ga wadda za ta riga tashi. Ni da kaina zan kawo tawa ta sha kunya. Amma kada ka ƙara sa mutum ya tsaya a madadin inji.

Roƙo na ƙarshe shi ne ka zo makarantarmu da samarin nan biyu, su faɗa wa yara da bakinsu cewa ba a ranƙwashin mutum. Yaran sun fi jin maganarsu a kan tawa. Zan lallaɓa Lawali ya zo ranar, ya gaishe ka.

Allah ya buɗa kasuwarka, ya raya maka zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga ganin irin abin da na gani a tsakar gidana. In ka zo, Lawali ya fara gaisuwa ya tsaya a tsakiya, don Allah ka jira shi. Zai ƙarasa.

Wassalam, tare da girmamawa,
Ɗalibinka, Baban Lawali